Batson Inna Dije

Tun da na dawo daga arewacin Gumel ba na zama a shagon Sani Tela ba tare da wani ya ce, "Isiyaku, ba mu labarin tafiyar neman auren nan mana." Sai in ba su na akuya da na jandarma, su yi dariya har da riƙe ciki, a watse. Wata shida ke nan ina yin haka, kuma rabi nake ba su. Yau na tsaya bayan an tashi daga aiki, zan buga shi duka, wanda ya karanta ya huta da tambaya.

Ni mai buga tafireta ne a wani ofis a Kano, shekarata ashirin da shida, ba ni da mata. Dukiyata akwati ɗaya ce, cike da ƙananan littattafan soyayya da nake saya a bakin kasuwa, irin waɗanda saurayi ke ƙetare daji shi kaɗai, ya dawo da abin da ya gagari kowa, a ba shi yarinya. Na karanta su har na ɗauka haka duniya take.

Bara maƙwabcinmu Alhaji ya sayi talabijin, yakan sa a fito da ita ƙofar gida bayan magariba. Ranar Talata ake shirin girki. Maza sai su tashi, ni sai in gyara zama. Malama Zulai ke gabatarwa. Hoton baƙi da fari ne, yana rawa, wani lokaci kamar ana yayyafi a fuskarta, amma muryarta na fita tas, kuma ba ta sauke tukunya ba tare da ta ce "a garinmu, Tsamiya Uku" ba. Rijiyarsu ruwanta ya fi na randa sanyi. Tsamiyoyi uku a bakin gari, mata na daka a inuwarsu. Kasuwar Maigatari ran Alhamis. Sai batso, daddawar da ake yi da 'ya'yan yakuwa, wadda ta ce innarta takan danna yatsa uku a kan kowane curi don a san nata.

Na so ta, ba zan ɓoye ba. Na kuma san masu aika mata wasiƙa suna da yawa. Sai na yi shiri: in je garinsu, in sha ruwan rijiyar, in zauna a inuwar tsamiyar, in ci miyar batso, in gaida iyayenta, sannan in rubuta mata wasiƙar da babu namijin da zai iya rubutawa a Kano. Har na san layin farko: "Na sha ruwan rijiyarku." Na jera wuraren a takarda, na zana hanya daga taswirar ofis, na sayi turmin atamfa na ƙunshe a farin ƙyalle.

Sani ya ce, "Kai, ko kare ba ya zuwa gidan surukai shi kaɗai. Nemi wani dattijo ya raka ka."

Na ce ba neman aure zan je ba tukuna, kallo zan je. A raina kuwa na san a littattafai ba a rakiya.

Na tashi ran Laraba, ƙarshen bazara, a bayan wata babbar mota mai ɗaukar buhuna da mutane da awaki tare. Dab da Gagarawa ta yi tari sau biyu ta mutu. Direba ya shige ƙarƙashinta, mu muka rarrafa inuwar wani gawo. Na fito da takardata ina dubawa, barci ya ɗauke ni, na farka na ga wata jar akuya tana tauna ƙarshen hanyar da na zana. Daga Gumel zuwa gaba duk ya shige cikinta.

Wani dattijon Bafillace da ke kusa da ni ya yi murmushi. Baffa Jauro sunansa. Yana riƙe da sanda irin ta kiwo, na tambaye shi ina shanun.

Ya ce, "Suna nan a hanyar nan da za ka bi. In ka ga fari-fari a cikin rairayi, su ne."

Gadi yake yi yanzu a wani kanti a Kano, tun shekarar fari. Sandar dai bai iya barinta ba. Na tambaye shi Tsamiya Uku. Ya dube ni ya ce, "Wa kake da shi a can, ɗan nan?" Na ce kallo kawai. Ya ce, "To, Allah Ya sa ka ga alheri," ya juya yana jan carbi. Ni a lokacin na ɗauka rashin son magana ne irin na Fulani.

Sai la'asar muka shiga Gumel. Na sauka a zauren wani mai masauki kusa da tasha, mu bakwai a kan tabarmi biyu, da wani mai sayar da kanwa da ya yi matashi da buhunsa. Abin da na lura, a can ba a tambayarka suna sai ka ci abinci. A Kano kuwa kafin a ba ka wurin zama an san unguwarku da aikinka. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka ba ɗigon mai, aka kawo ruwa a kwano. Na sha, na wanke fuska da ragowar, na watsar a ƙofa kamar yadda muke yi a gida. Zauren ya yi tsit. Mai masauki ya ɗauki kwanon ya leƙa cikinsa, ya ajiye. Daga baya mai kanwa ya raɗa mini cewa nan in ka sha, miƙa wa na kusa da kai ake yi. Ban ƙara neman ruwa ba har gari ya waye.

Alhamis da hantsi na isa Maigatari. Kasuwar tana nan, wannan kam Malama Zulai ba ta ƙara gishiri ba: raƙuma, Buzaye da rawunansu, kanwa, dabino, jaki na kuka ta kowane gefe. Amma duk wanda na yaba wa sai ya ce, "Ai ba ka ga kasuwa ba, da ka zo kafin fari." Na sayi ludayi. Na shiga neman masu daddawa, ina bin rumfa-rumfa, ban san na wuce wani durom da aka ɗora wa sanda ba, sai na ji an ce, "Mushe! Kai, mushe! Ina katinka?"

Jandarma ne, siriri, da hular da ta fi kansa girma. Ashe na shiga Nijar, inda "mushe" ke nufin malam. Ba kogi, ba ganuwa, rairayin nan dai shi ne, amma wai na bar ƙasarmu. Ya zaunar da ni a benci, ya kwance ƙunshina, ya ga atamfa da ludayi.

"Fatauci?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To me?"

Na rasa ƙaryar da zan yi, na gaya masa gaskiya, har da talabijin. Ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa da Faransanci, suka yi ta dariya. Sannan ya ɗaure mini ƙunshin da kansa, ya raka ni har bakin durom.

Ya ce, "Ta san kana yi?"

Na ce ba ta san ni ba.

"Wallahi kai majnuni ne. Je ka, Allah Ya ba da sa'a. Amma ka sani, mu ma ta nan muna da garuruwan da suna kawai ya rage."

A nan nake tsayar da labari a shagon Sani. Ga sauran.

Ina dawowa ɓangarenmu na ga wata mata zaune da faifai, an jera curin batso baƙi ƙirin, kowanne da shaidar yatsa uku. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi mai yin sa. Ta ce sunanta Hansai, saye da sayarwa kawai take yi wa maƙwabciyarta, wata tsohuwa Inna Dije, da ba ta iya fitowa.

"'Yar Tsamiya Uku ce?"

"Da can. Kai wane ne?"

Kunya ta kama ni. Ta yaya zan ce wa matar ƙauye ina son wata da na gani a akwati? Sai na sunkuyar da kai na ce, "Daga Kano nake. Game da 'yarta na zo."

Hansai ta dubi fuskata, ta dubi farin ƙunshin da ke hammatata. Ta tattara faifanta tun kasuwa ba ta watse ba. Ta ce in biyo ta, muka hau amalanken wani mutumin ƙauyensu, muka yi yamma ta wajen Sule Tankarkar. Duk hanyar sai share ido take yi da bakin mayafi. Na ɗauka rana ce.

Bayan tafiya mai tsawo mai amalanke ya nuna da bulala ya ce, "Ga Tsamiya Ukun da kake tambaya."

Na ce ya tsaya. Na sauka ina neman gari. Kututture uku ne a tsaye, sun yi fari kamar ƙashi. A shekarar fari aka sassare rassan aka ba dabbobi ganyen, da suka bushe aka yi itace da su. Bayansu tudun ƙasa nan da can, inda ɗakuna suka zube. Rijiyar na same ta, bakinta na nan da sawun igiya a jikin itacen, zurfi-zurfi, na mata da yawa da shekaru da yawa. Na leƙa. Rairayi ya cika ta har kusan baki, wani ƙadangare na kwance a kai. Na zauna a kan kututture ɗaya don dai a ce na zauna, rana ta kore ni. Layin farko na wasiƙata ya mutu a nan, kuma, Allah Ya yafe mini, abin da ya fi damuna ke nan a lokacin.

Kafin magariba muka isa ƙauyensu, gidaje ba su fi goma ba. Hansai ta ce in jira a waje, ta shiga wani gida mai dangar kara. Jim kaɗan sai na ji kuka ya tashi, kukan mata irin wanda ba a yin sa sai abu ɗaya. Maza suka fara fitowa, aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da ni a tsakiya, kowa ya zo sai ya ba ni hannu ya ce, "Sannu da ƙoƙari." Mai unguwa, wani dattijo Malam Audu, ya ɗaga hannu aka yi addu'a, ni ma na shafa. Sannan ya matso ya ce a hankali, "Yaushe aka yi rasuwar?"

"Wace rasuwa, Baba?"

"Ta Kande, 'yar Inna Dije. Waɗannan ne kayanta?" Ya nuna ƙunshina.

Sai a lokacin na gane. A wajensu baƙo ba ya tasowa daga birni shi kaɗai, da farin ƙunshi, yana sunkuyar da kai yana tambayar uwar wance, sai in mutuwa ya kawo. Tun shekarar fari haka labari ke zuwar musu.

Na miƙe tsaye na ce, "Wallahi ba ta mutu ba! Shekaranjiya Talata na gan ta tana tuƙa tuwo!"

"A gidanka?"

"A'a, a talabijin."

Na sha wahala kafin su fahimta. Na ce akwati ne kamar rediyo, amma ana ganin mutum. Wani ya ce kamar majigi ke nan, aka ce to. Malam Audu ya ce, "Kai kuwa ɗan nan, da baki a fuskarka, ka bar mata suna kuka?" Ya aika ciki. Kukan ya tsaya kamar an yanke shi da wuƙa. Sai aka ce tsohuwa na kirana.

Tana kwance a kan gadon kara, ƙafafunta sun kumbura, idanunta sun yi fari. Ɗakin duk warin batso. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Kai ka gan ta?"

"Ni na gan ta, Inna. Amma mu Zulai muke ce mata."

"Sunanta ne na yanka. Da wane hannu take riƙe muciya?"

Na rufe ido na tuna. "Da hagu."

"Kande ce." Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. "Na doke hannun nan har na gaji. Ta yi ƙiba ko ta rame?"

Na ce ta yi kyau. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba.

Ta ba ni labari a gutsure, tana hutawa. Ƙanenta ne ya ɗauki Kande ya kai ta makaranta a Kano. Fari ya zo, gari ya watse, suka yi kudu da ƙafa, maigidanta ya rasu a hanya. Shekara uku suna yawo kafin su dawo nan kusa. Ta aika a duba gidan ƙanen nata, aka ce ya rasu, gidan ma wasu ne a ciki. Tun daga nan ba ta san ko 'yarta na duniya ba.

Na ba ta ƙunshin atamfar, ta shafa shi, ta sa a ƙarƙashin kanta. Ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba, ni ma ban faɗa ba. Aka kawo mini tuwo da miyar batso. Gaskiya ɗaci gare ta da wari, ba kamar yadda na yi mafarki ba, amma na cinye, na kuma miƙa ragowar ruwana ga na kusa da ni.

Da safe ta sa Hansai ta ƙunshe curi uku a ganye. Ta ce, "Ka ba ta wannan, ba sai ka yi rantsuwa ba, za ta gane. Ka ce mata ina nan. Ka ce ta yi sauri, kada ta tsaya haɗa mini tsaraba. Ba na jin zan ga shukar bana."

Na ce, "In Allah Ya yarda, Inna, ina sauka zan kai."

"Kana sauka?"

"Ina sauka."

Asabar da yamma na shiga Kano. Gidan talabijin bai fi tafiyar rabin awa a keke daga ɗakina ba.

Ban je ba. Na dubi kaina a madubi, na ga na yi baƙi, leɓena ya fashe, rigata ta koɗe. Na ce a raina, wanda ya kawo wa mace labarin uwarta na raye, a kowane littafi shi ke aurenta, kuma ba ya zuwa kamar ɗan dako. Wannan rana sau ɗaya za ta zo, dole ta yi kyau. Na kai wa Sani yadi ya ɗinka mini kaftani mai aiki a wuya. Ya ce mako guda, na ce ba komai. Na zauna sake wasiƙa, tunda ta rijiya ta mutu. Sau bakwai na buga ta ina yagawa. Batson yana kan akwatin littattafaina, warinsa ya cika ɗaki har maƙwabta suka fara tambaya ko ɓera ne ya mutu. Talata biyu na zauna a ƙofar Alhaji ina kallonta tana cewa "a garinmu", ina murmushi ni kaɗai, ina jin daɗin na san abin da ba ta sani ba. Maganar tsohuwa takan faɗo mini, sai in ce ai tsofaffi kullum haka suke cewa.

Ran Laraba, kwana goma sha ɗaya da saukata, na sa kaftani na fesa turare na tafi. Maigadi ya hana ni shiga. Na ba shi ƙunshin ganyen na ce ya kai wa Malama Zulai, ya karɓa yana toshe hanci.

Ban ƙirga minti biyu ba sai ga ta a guje, ba mayafi, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta fi yadda nake zato gajarta, kuma da tsohon ciki. Curin yana tafin hannunta.

"Wa ya kawo? Kai ne? A ina ka samo wannan?"

Na gaya mata. Ta dafa ƙarfen ƙofa. Ta ce ta je Tsamiya Uku a shekarar fari, ba ta tarar da kowa ba sai kututture, aka ce mata duk sun mutu ko sun ɓace. Ashe ta sani. Duk Talatar da take ba mu labarin rijiya, ta san rairayi ne a ciki.

"Lafiyarta ƙalau?"

"Tana kwance. Ta ce ki yi sauri."

"Yaushe ka rabu da ita? Jiya?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Juma'ar waccan. Ba wadda ta wuce ba, ta gabanta."

Ta ƙirga a ranta, na ga leɓenta na motsi. Sannan ta dube ni daga sabuwar hula har zuwa aikin wuyan kaftanina, a hankali. Da ta zage ni da na fi so. Ta juya tana kiran wani ya je ya kira mata maigidanta ya zo da mota. Wasiƙar tana aljihuna, ban taɓa ta ba.

Mako uku ba a yi shirin girki ba. Ruwan farko ya sauka a cikinsu. A na huɗu na kasa haƙuri na koma wajen maigadi. Yana ganina ya shiga ɗakinsa ya fito da farin ƙunshi, nawa, da irin ɗaurin jandarman nan.

Ya ce, "Malama ta ce in ka zo a ba ka. Sadakar uku ta tarar. Ran Talata aka binne tsohuwar. Wai kullum da yamma sai ta tambaya ko ɗan Kano ya isa." Ya miƙo mini. "Ta ce a gode maka da ka nuna mata kabari. Ta ce atamfar Inna ba ta samu ta ɗaura ba."

Ta dawo aiki bayan ta haihu. Har yanzu ina zama ran Talata. Tana dafa shinkafa, tana dafa taliya, tana faɗin yawan gishiri da yawan ruwa, ta yi sallama. Ban ƙara jin ta ce "a garinmu" ba.

Sani, ka sha tambayata me ya sa ban ƙara sa kaftanin nan ba, ko ɗinkin ne bai yi mini ba. Ɗinki ya yi. Yana cikin akwati tare da atamfar da littattafan, kuma har yau in na buɗe, warin batso ne ke fara fitowa.